Soɓorodon Laburare

Wani ne, mutumin Zauro, manomin shinkafa, irinmu dai da ba mu iya ganin abin sha a ajiye mu wuce shi da salama. Zamanin Birnin Kebbi na ƙarƙashin Sakkwato ne. An yi dogon hutun damina, sai laburaren gari ya shirya wa yara wasan kimiyya. Mutumin ya cika cikinsa da kunun kanwa, ya ɗora 'yarsa Ma'u a keke ya kai ta.

Suka shiga, malama ba ta iso ba. Ga kofuna jere a tebur, cike da soɓorodo ja wur, ga tulunsa a gefe.

"Kai, gwamnati ta san mutunci," in ji shi. "Hadda walima!"

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shanyewa, yana mitar ba a sa sukari ba. Ya gama da kofuna, ya koma wa tulu.

Sai ga Malama Kezia, mai koyar da yaran.

"Wa ya shanye mini kayan aiki?"

Mutumin ya ɗaga kai yana duban rufi.

"Baba na," in ji Ma'u.

"Ke! Da bakinki ankai tambaya?"

Malama ta girgiza kai, ta tsiyayo ɗan abin da ya rage a gindin tulu.

"Yara, ku ga abin da kanwa ke yi wa soɓorodo."

Ta ɗiga ruwan kanwa. Nan take ja ya koma kore kamar ruwan kududdufi. Yara suka sa tafi. Mutumin ya dafe ciki.

"Malama, kowace kanwa?"

"Kowace."

"Hatta ta kunu?"

"Baba, kanwa ai kanwa ce," in ji Malama.

"Innalillahi! Hanjina ya koma kainuwa!"

Malama ba ta kula shi ba. Ta ɗebo ruwan lemun tsami daga wani kwano ta zuba, kore ya koma ja. Mutumin ya ce a ransa, ashe cutar na da magani. Tana juya baya za ta yi rubutu a allo, ya suri kwanon ya kafa kai. Fuska ta yamutse kamar busasshiyar kuɓewa, hawaye na zuba, amma ya yi hamdala.

Malama ta waiwayo ta ga kwano fayau. Ta ciro wani lemu a jaka ta matse cikin kwalba, ta zuba kanwa, ta rufe bakin da balan-balan. Kumfa ya taso. Balan-balan ya miƙe, ya yi ta kumbura har ya kai kan jariri.

"Kun gani? Kanwa da tsami in suka haɗu, iska suke haifarwa."

Mutumin ya yi wata gyatsa da ta sa mai gadi leƙowa. Ya sassauta zariya. Ya taɓa ciki ya ji shi kamar ganga. Sai ya kwanta rigingine a tsakiyar laburare.

"Kowa shi aje hensir! Kar wanda yam matso ni da tsini! Ma'u, keke naki na. Ki hwaɗa ma uwarki na yahe mata, ita ma ta yahe, ko da ita tad dama kunun."

Ma'u ta fashe da kuka, sauran yara na birgima don dariya.

"Haba Baba, tashi," in ji Malama. "Iska ce kawai, fita za ta yi. Duba ka gani."

Ta zare balan-balan daga kwalba ta sake shi. Abu ya yi furrr da wata ƙara marar ladabi, ya zagaye ɗaki, ya daki allo, ya fice ta taga.

Mutumin ya rungume ƙafar tebur da hannu bibbiyu.

"Jama'a ku danne ni! Wanga da cokali guda yak kai waje. Ni da nish shanye tulu, ai sai Argungu!"