Ƙidayar Dangin Uwar Nutso

A wani daji da ya miƙe har bakin teku, akwai majalisar da ke duba lafiyar zuri'ar dabbobi. Duk dangin da aka ga suna ƙarewa, a can ake yanke abin da za a yi musu. Dorina ce shugaba, don a ganin mutan daji ba wanda ya san ruwa kamarta.

Can nesa da gaɓa kuwa, inda ruwa ya yi baƙi don zurfi, Uwar Nutso take. Dabba ce da ta ninka giwa sau goma, tana shayar da nono, tana shaƙar iska ta wata kafa a tsakar kanta. In ta nutsa neman abinci sai ta yi awa guda ba ta taso ba. Danginta ba su ganin juna a wannan duhu, da kira suke gane juna. Damina uku ke nan tana kira, ba wanda ya amsa.

Rannan ta matso iyakar inda ruwa zai ɗauke ta, ta yi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, ba roƙon abinci na zo ba. Jiragen masunta sun tare a kan raminmu. Tarunsu ya tafi da ɗana, ƙarar injinsu ta hana ni jin kowa. Masuntan nan tsuntsaye suke bi. In majalisa ta ce tsuntsaye su daina shawagi a kanmu, jiragen za su sake wuri. Wataƙila akwai wani nawa da ke kira, ni ce ba na ji."

Dorina ta yi hamma, ta ce, "Baiwar Allah, mun ji, kuma mun tausaya. Amma gani ya kori ji. Majalisa ba ta hana tsuntsaye neman abincinsu sai a kan dangin da aka tabbatar ba su kai goma ba. Malam Kwasakwasa zai zo ya ƙirga ku."

Washegari Kwasakwasa, babban tsuntsun nan mai cin kifi, ya samu wani dutse ya zauna. Malamin kirki ne, bai taɓa karɓar ko kan kifi a bakin aiki ba. Sai dai ƙa'idar ƙidaya a wurin shugaba ya koye ta: Dorina ba ta wuce minti biyar a ƙarƙashin ruwa, kuma rashin kunya ne a ce wani ya fi shugaba nutso. Saboda haka duk wanda ya nutsa ya wuce haka, ya tafi ke nan. In an ga wani ya taso daga baya, wani ne daban.

Uwar Nutso ta taso ta fesa numfashi, ya ce ɗaya. Ta nutsa. Bayan awa guda ta sake tasowa, ya ce biyu. Kafin rana ta faɗi ya samu goma sha biyu, har yana mamakin yadda 'yan gida ɗaya ke kama haka, kowacce da tabon taru a bayanta.

Da ya kai labari, Hawainiya magatakarda ta ɗan yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, kowacce da tabo, kuma a wuri ɗaya?" Dorina ta juyo ta dube ta. Nan take Hawainiya ta koma launin kujerarta, aka ci gaba da zama.

Kwasakwasa aka aika ya kai wa Uwar Nutso albishir. "Iya, barka da arziki! Ashe ku goma sha biyu ne. Da idona na gan su, a nan, a kan ramin nan naki."

Abin tausayi, ba ta yi musu ba. Wanda ya shekara uku ba a amsa masa ba, ba ya tsayawa bin diddigin albishir. "A nan?" ta ce. "Malam, don Allah, akwai ƙarami a cikinsu?"

"Duk manya ne, kamarki."

Ta yi masa godiya har sau uku, ta nutsa. Ta bi ramin lungu-lungu tana kira. Ta bar farauta don kada su wuce tana cin abinci. Wani lokaci takan ji kamar an amsa, ta yi can da sauri, sai ta tarar muryarta ce dutse ya dawo mata da ita. A sama tsuntsaye na shawaginsu, jirage na ƙaruwa.

Da shekara ta zagayo ta rame, numfashinta ya gajarce, ba ta iya kwatan awa a ƙasa sai ta taso. Kwasakwasa ya dawo dutsensa, ya ƙirga arba'in da takwas.

A shekarar ne aka ba Dorina lambar yabo kan bunƙasa zuri'ar dabbobi.