Shirun Ƙasar Tsibiri

A duk jami'ar nan babu malamin da ya kai Farfesa Jakada sanin duniya. Ba a taɓa naɗa shi jakada ba, amma wannan sakacin hukuma ne, ba laifinsa ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya halarci wani taro na kwana uku a ƙasar waje, kuma har yau katin shiga taron yana rataye a bangon ofishinsa, daidai inda wasu ke rataye hoton 'ya'yansu. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan don tsokana. Da labari ya kai masa, sai ya sa aka rubuta shi a jikin ƙofa.

Sauran malaman sashen kimiyyar siyasa alli da allo kawai suka sani. Jakada ya wuce nan. Shi ya zo da abin da yake kira Sabuwar Hanya. A darasinsa na hulɗar ƙasa da ƙasa, aji ba aji ba ne, Zauren Majalisa ne. Ranar farko kowane ɗalibi zai zari kwali ɗaya mai ɗauke da sunan wata ƙasa da Farfesa ya ƙirƙira: Ƙasar Ma'adinai, Ƙasar Tuddai, Ƙasar Tsibiri. Daga ranar, sunan da iyayenka suka raɗa maka ya tafi hutu.

"A zauren nan babu mutane," in ji shi, yana buga wata gudumar katako da ya sa kafinta ya yi masa. "Ƙasashe ne kawai. Wanda ya zo da ciwon kansa, ya ajiye shi a bakin ƙofa."

Amfanin tsarin ba ya ƙirguwa. Shekara tara ke nan Farfesa bai wahalar da ƙwaƙwalwarsa da haddace sunan ɗalibi ko ɗaya ba. Kuma ginshiƙin Sabuwar Hanya shi ne ɗalibi ya yi magana, malami ya saurara. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai a wurinsa, shi ya sa cikin awa biyu na darasi yakan ɗauki awa ɗaya da minti hamsin yana bayaninsa.

Manyan ƙasashe a gaba suke zama, ƙanana a baya. Ƙasar Tsibiri ta faɗa hannun wata ɗaliba 'yar aji uku, kujerarta a layin ƙarshe, kusa da tagar da ba ta rufuwa. A sati na huɗu kowace ƙasa ta miƙa takardar matsayinta a cikin ambulan. A sati na biyar ɗalibar ba ta zo ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita ranar Talata. Ranar Asabar ta rasu.

Sakatariyar sashen ta buga sanarwa, ta sa a fayil, ta kai ofishinsa. Farfesa yana waya a lokacin. Ya rubuta "Na gani", ya sa hannu, kamar yadda yake yi wa kowace takarda.

Ranar Litinin mai riƙe da Ƙasar Tuddai ta miƙe, idanunta a kumbure.

"Farfesa, don Allah, maganar ƙawata ce, wadda ke zama a nan kusa da ni..."

Guduma ta sauka. "Ƙawa? Ƙasa ba ta da ƙawa! An ƙaƙaba wa Ƙasar Tuddai takunkumin maki biyar saboda shigo da harkar gida cikin zaure. Akwai wata ƙasar da ke da ƙawa?"

Babu. Kwalin Ƙasar Tsibiri kuwa ya ci gaba da zama a kan teburinta, don ba wanda hannunsa ya iya ɗauke shi. Duk ranar ƙuri'a Farfesa zai kira Ƙasar Tsibiri, ya ji shiru, ya rubuta: ta ƙaurace.

Sai a sati na takwas ya ɗaga kai ya lura cewa kujerar babu kowa. Fuskarsa ta washe.

"Ku juya ku dubi baya! Ƙaramar ƙasa, ba soja, ba arziki, amma ta gano makamin da ya rage mata. Ta ƙaurace wa zaure! Wannan ba fashin aji ba ne, matsayi ne. Ku manyan nan sai surutu, ita kuwa ta yi shiru, duniya ta girgiza. Irin ɗalibar da nake nema ke nan. Ni na gina ta."

Ɗalibai sittin ba ɗaya suka sunkuyar da kai. Farfesa ya fahimci cewa kwarjinin ilimi ne ya danne su.

A satin ya fara rubuta muƙala mai taken "Diflomasiyyar Shiru: Darasi Daga Zaurena". Da ya kai wa sakatariya ta buga, ta karanta shafin farko ta dafe ƙirji.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan fa..."

"A rubuce. Ba na karɓar bayani da baki."

"Ai na rubuta."

"To na gani ke nan," ya ce, ya fice.

Mahaifin ɗalibar tsohon malamin lissafi ne, ya yi ritaya. Sau uku yana zuwa sashen, abu ɗaya yake nema: ambulan ɗin. Kwana uku ta yi tana rubuta takardar da hannunta a teburin cin abinci, ta hana shi leƙawa, ta ce sai an ba ta maki. Shi ne rubutunta na ƙarshe. Duk dawowarsa gida, mahaifiyarta takan dubi hannunsa kafin ta dubi fuskarsa. Sau ukun nan Farfesa yana wurin taro.

"Baba, ka zo ranar rufe Majalisa," in ji sakatariya. "Ranar ba ya zuwa ko'ina. Akwai mai ɗaukar hoto."

Ya zo, ya zauna a baya. Farfesa ya shigo da kwat mai ruwan toka, katin taron nan rataye a wuya. Ya yi jawabin minti arba'in da bakwai a kan muhimmancin sauraro. Sannan ya ɗaga wata takardar yabo.

"Gwarzuwar wannan zango, mai maki mafi yawa, ita ce Ƙasar Tsibiri! Yau dai ta janye ƙauracewarta, ta fito ta karɓa."

Shiru. Ya sake kira. Ya juya wajen mai hoto yana murmushi. "Ka gani? Har yau tana kan matsayinta."

Dattijon ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Farfesa, ni ne mahaifinta. Yau sati tara da kwana biyu da rasuwarta. Takardar da ta ba ka na zo karɓa."

Da wani malamin ne, da ya ruɗe. Jakada kuwa gogagge ne. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ba da umarni zaure ya yi shiru na minti ɗaya. Sai dai ya ga ya kamata ya fara bayyana tarihin shirun minti ɗaya a tarukan duniya. Tsohon malamin lissafi ya dubi agogonsa. Bayanin ya ci minti goma sha ɗaya. Shirun bai samu shiga ba, domin wani ajin na jiran ɗakin.

A ofis aka shiga neman ambulan. Ba ya cikin durowa, ba ya kan kanta. Sakatariya ce ta nuna da haɓa. A gefen tebur akwai ƙwallon taswirar duniya, wanda Farfesa ke dafawa in za a ɗauke shi hoto. Ya yi gajarta, don haka aka ɗora shi a kan ambulan sittin. Duniya ta sauka ƙasa, aka zaro na Ƙasar Tsibiri.

"Sau biyu na karanta," in ji Farfesa, yana miƙawa da hannu biyu. "Tunani mai zurfi, Malam. Tun daga nan na hango shirun da za ta yi."

Dattijon ya juya ambulan ɗin. Salatif ɗin da ta liƙa yana nan yadda yake, har da ɗan karkacewar da ya yi a gefe. Ya sa makullin gidansa ya yanke a hankali. Shafi goma sha biyu ne. Ya gyara tsayuwa, ya karanta layin farko a fili:

"Ƙasar Tsibiri tana sanar da shugaban zaure cewa sati huɗu ke nan tana ɗaga hannu ba a kira ta ba. Tunda baki ya gagara, ga abin da take son faɗa a rubuce."

Sakatariya ta juya tana gyara fayilolin da ba sa bukatar gyara. Dattijon ya mayar da shafukan, ya sa ambulan ɗin a aljihun ƙirji, ya yi godiya. Yana bakin ƙofa Farfesa ya tsayar da shi.

"Malam, ina so in sadaukar mata da muƙalata. Tuna mini sunan marigayiyar."

"Yana jikin takardar da ka rubuta wa 'Na gani'," in ji dattijon, ya ja ƙofar a hankali.

Muƙalar ta fito a watan jiya, ba a canza ko kalma ɗaya ba. A shafin farko an rubuta: "Ga Ƙasar Tsibiri, wadda na fi kowa fahimta."