Rautar da Ba Ta Aiki da Rana

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da aka ɗaura auren Rabi'atu ba, ko da na so in manta matata Hajiya ba za ta bari ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A lokacin ina fushi da kanti guda, da kamfani guda, da wani bawan Allah mai suna Issaka, da ƙasar Amurka baki ɗayanta. Yanzu mutum ɗaya ya rage a jerin, shi ne mai ba ku labarin nan.

Rabi'atu 'yar yayana ce, marigayi Yaya Mamman, wanda ya riƙa goya ni a kekensa zuwa makaranta a Zariya. Ni kaɗai na rage cikin baffanninta, saboda haka ni ne waliyyi. Sai ga shi an yi mini aikin gwiwa ana saura wata ɗaya biki, ga biki a Zariya ni kuma ina Amurka, likita ya ce ko kusa da jirgi kada in je. Kabiru, yayan amarya, ya kira ni a waya.

"Baffa, ka wakilta ni kawai. Liman ya ce babu laifi."

"Wakilci? Ina raye, bakina yana motsi? 'Yar Yaya Mamman da bakina zan bayar da ita. Ku nemo kwamfuta ku ajiye gaban liman, a gan ni in gan ku."

Ya ce to. (Yaron yana da ladabi. Da ma ya yi mini gardama.)

Matsalar ita ce rautar gidanmu, wato 'yar akwatin nan mai rarraba intanet cikin gida ba tare da waya ba. Tun muna haya a Takoma Park muke da ita, muka taho da ita Gaithersburg, nan kusa da Washington, tana can sama a ƙaramin ɗaki. Kafin ƙarfinta ya sauko falo ya gaji. In ana kiran bidiyo sai fuskar mutum ta daskare baki a buɗe. Ni kuwa falo nake so in tara jama'a su shaida. Na yanke shawarar sayen sabuwa, aka kuma jawo mini wayar intanet ɗin zuwa falo.

A nan ya kamata ku san irin mutumin da nake ɗaukar kaina. Na yi aikin noman rani a Sudan, na yi a Nijar, na zauna ofis a Rum shekara shida. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ina iya faɗa da direban tasi da Italiyanci. Na san soket ɗin kowace ƙasa: namu da na Ingila mai ƙafa uku da makunninsa a jiki, na Yamai mai ido biyu zagaye, na Amurka kuwa, a iya sanina, ba shi da makunni kwata-kwata, ka soka kawai wuta ta zo. Kuma duk inda na zauna ba a taɓa kama ni da barin fitila a kunne da rana ba. Mu da muka yi karatu da fitilar ƙwai, muka sha ranƙwashi a kan kananzir, hannunmu da kansa yake kashe wuta.

Hajiya ta ce in kira Issaka ya zaɓa mini. Issaka mutumin Kumasi ne, ɗan zango, wato unguwar Hausawan can, ya haura hamsin, yana zaune a Lanham, sana'arsa ke nan jan wayoyin intanet a ofisoshi. Na ce mata wanda ya zaɓi injin ban-ruwa na kadada dubu ba zai nemi taimako a kan akwatin da bai kai kwanon sha ba.

Na je kanti ina dogara sanda. Rautoci sun fi ashirin a jere, kowane kwali da lambobi da haruffa kamar lambar mota. Wata mai sayarwa ta tambaye ni girman gidan da yawan wayoyin da za su hau. Na ce ta bar wannan, wacce ta fi ƙarfi? Na ɗauko wata baƙa mai ƙaho huɗu. Da yamma na jona ta a soket ɗin bayan doguwar kujera, inda fitilar tsaye ta falo take jone. Kai! Abu kamar ruwan famfo. Na kira Kabiru, har ƙurjin da ke goshinsa na gani.

Washegari da hantsi, babu. Na leƙa bayan kujera, ko 'yar wuta ɗaya ba ta ci a jikinta. Na jijjiga, na busa, na cire filogi na mayar. Bayan Magariba, Hajiya ta dawo daga aiki, sai ga ta ta farfaɗo da kanta. Kwana uku haka: da yamma lafiya lau, da rana gawa.

Na mayar da ita kanti da shirin yaƙi. A kasuwar Sabon Gari in ka mayar da kaya sai an tara maka jama'a, a Omdurman sai an sha shayi uku an yi rantsuwa. Nan kuwa yarinyar ta karɓa tana murmushi, ta ce in zaɓi wata. Wannan ma ya ƙara ba ni haushi, don na shirya jawabi ba a bari na yi ba. Na ɗauko mai ƙaho shida, kamar gizo-gizo ya kwanta rigingine.

Ita ma haka. Na kira kamfanin intanet, suka sa mini kiɗa na kusan rabin awa, sannan wani ya ce daga wajensu komai lafiya, in duba ko rautar tana samun wuta. Na ce masa na girmi ubansa, kuma na san abin da ake kira wuta. Na gaya masa a Khartoum ma in za a ɗauke abu ana ɗaukewa ne a fili, ba a yi wa mutum ƙarya da ladabi. Har na ƙirƙiro bayani na kaina, na riƙa faɗa wa mutane a masallaci: da rana ofisoshin Washington ke shanye intanet ɗin, sai sun tashi a sako mana saura.

Ranar Juma'a, jajibirin ɗaurin aure, na sauke girman kai na kira Issaka. Ya zo bayan Magariba daga wurin aiki, da wata 'yar farar rauta marar ƙaho ko ɗaya.

"Baba Alhaji, gidanka ba filin jirgi ba ne. Wannan ya isa."

"Wannan abin kamar sabulu?"

"Ei, Baba! Ƙaho na saniya ne. Amma tsaya, ka ce da rana kawai yake mutuwa? Bari in gwada soket ɗin nan tukuna."

"Soket lafiyarsa lau. Ba ka ga fitila tana ci a jikinsa ba? Ka jona abin da ka kawo, kada ka koya mini wuta."

Ya dube ni, ya dubi soket, ya ce, "To, Baba." Ya jona, ta kama, muka gwada da Kabiru, tas. Na ce ya dawo da safe ya tsaya a kanta.

An sa ɗaurin aure ƙarfe biyu na rana a Zariya, takwas na safe ke nan a wurinmu, ga lokacin sanyi ne, gari ba ya wayewa da wuri. Tun bakwai mutane suka fara isowa cikin manyan riguna da manyan kwat a sama, mutum goma sha biyu, har da Dakta Sani, likitan nan ɗan Katsina da kowa ke jin kunyarsa. Aka haɗa kwamfuta da talabijin. Ni kuma na kawo wata dabara: na ɗauko faranti na ce kowa ya kashe wayarsa ya ajiye, kada wayoyi su shanye mana intanet. Issaka ya ce ba sai an yi haka ba. Na ce a gidana sai an yi. Na fara da tawa, aka kai farantin ɗakin girki.

Aka zaunar da ni a kujerar bakin ƙofa don in miƙe ƙafa. Ga zauren Yaya Mamman a talabijin, ga tabarmi, ga tiren goro da alawa, ga liman. Idona ya ciko. Wakilin ango ya gabatar da nema, aka ambaci sadaki, liman ya gyara rawani ya juyo wajen kwamfuta.

A daidai lokacin rana ta leƙo ta taga, falo ya yi haske. Ni dai ban san na yi komai ba. Liman ya ce, "Waliyyin amarya, Alhaji, ka..." sai ya daskare, baki a buɗe, hannu a sama.

Abin da na yi bayan nan shi ne ba na son tunawa. Na miƙe a kan gwiwar da aka hana ni takawa, na nuna Issaka da sanda.

"Ka gani? Ka gani! Na ce maka sabulu ka kawo mini!"

"Baba Alhaji, bari in duba bayan kujera."

"Kada ka taɓa! Taɓawarka ce ta kai mu nan!"

Na tare hanya da sanda. Na faɗa masa magana da Hausa, da ta ƙare na koma Turanci, na zagi masu ƙera rauta da Faransanci, na kai ƙarar Amurka wurin Allah da Larabci. Na ce ƙasar da ta je wata ta kasa riƙe hoton liman minti biyar. Na ce masa aikin zango ya yi mini. (Wannan kalmar ita ce ta fi ci mini rai har yau. Mutumin ya baro Lanham cikin sanyin asuba, ko shayi bai sha ba.) Dakta Sani yana cewa, "Alhaji, a kira su a waya mana," ni ina cewa a bar ni in gama. Babu wanda ya yi ƙarfin halin tsallake ni ya je ɗauko farantin, don ni ne a bakin ƙofa.

Issaka ya naɗe hannu ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Baba," kawai yake cewa.

Sai ga Hajiya da tiren shayi, ta ji hayaniya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wa ya kashe wa baƙi fitila?" Ta sa gwiwar hannu ta ɗaga makunnin da ke jikin bango. Fitilar tsaye ta kama. Daga bayan kujera kuma wata 'yar koriyar wuta ta fara ƙyaftawa a jikin rautar.

Issaka ya dubi makunni, ya dubi fitila, ya dubi bayan kujera.

"Hajiya, don Allah kashe kuma."

Ta kashe. Koriyar wuta ta mutu. Ta kunna, ta dawo.

"Baba Alhaji," ya ce a hankali, "gidajen nan da ba su da fitila a rufi, makunnin bakin ƙofa shi ke ba soket wuta. Wa ya kashe?"

Dakta Sani ya yi gyaran murya. "Na ga Alhaji ya miƙa sanda ya taɓa shi ɗazu. Na ɗauka da niyya ne."

Da sanda! Ko tashi ban yi ba. Rana ta fito, hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara sittin, bai ko shawarce ni ba. Haka na kashe mai ƙaho huɗu, haka na kashe mai ƙaho shida, kowace safiya in na fito daga falo, sannan in zauna in zagi Washington.

Kafin rauta ta gama farfaɗowa a sake kira, an ƙara wasu mintuna. Hoton ya dawo daidai lokacin da jama'ar zauren ke shafa fatiha, wani yana ɗaga murya, "An ɗaura! Alhamdu lillahi, an ɗaura!" Kabiru ya matso da fuskarsa.

"Baffa, mun jira, mun kira wayarka sau bakwai a kashe, mun kira ta Dakta a kashe. Liman yana da wani ɗaurin auren a gaba, sai ya ce in bayar. Ka gafarce ni."

Na ce, "Allah ya sanya alheri." Abin da na samu na faɗa ke nan a auren 'yar Yaya Mamman. Kalma biyu nake ta tanadi wata guda, "na bayar", suna nan a bakina har yau.

Mutane suka sha shayi cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Kowa ya ɗauki wayarsa a faranti ya yi mini murna. Issaka ya zare filogin rauta ya mayar da shi soket ɗin da ke ɗaya bangon, aikin da bai kai ƙiftawar ido ba, wanda ya so ya yi tun jiya na hana shi. Ya yi sallama ya tafi.

Ranar Lahadi na sa Hajiya ta tuƙa ni har Lanham. Na ba shi haƙuri a gaban matarsa, na ce kalmar da na faɗa ta zango ba ni da hujja, ni ma baƙo ne a ƙasar mutane. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ya wuce. Amma Faransancin nan, me ka ce ne? Ina so in riƙa faɗa wa shugabana a wurin aiki." Rabi'atu kuwa da ta kira, cewa ta yi, "Baffa, an ce ka yi wa'azi da harshe huɗu a bikina, ni kaɗai ban ji ba."

Farar rautar tana nan tana aiki dare da rana, ba ta taɓa tari ba. Abin da na koya kaɗan ne, kuma na koye shi a makare: in abu ya mutu a hannuna, kafin in nemi wanda zan nuna da sanda, sai in fara tambayar sandar inda ta je. Hajiya ba ta yarda na koya ba. Ta manna salatif a kan makunnin, ta rubuta da jan biro, da Hausa kaɗai, tunda ta ce sauran harsunan ba su amfane ni da komai ba: "Alhaji, bari."