Rasuwar Tantabara, Motar Shinkafa da Wake

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake zuciyar ta gaji har ta daina nunawa, Rosaline Lazarus, wadda aka fi sani da Maman Praise, tana sanar da 'yan'uwa, abokan ciniki da direbobin tashar Birnin Gwari rasuwar motar abincinta, Tantabara. Marigayiyar ta cika ranar Talata da hantsi, a gindin mangwaron da ta saba tsayawa, da rabin tukunyar shinkafa da wake a cikinta.

Ba wanda ya san shekarunta. Da tsufanta ta zo gidan, 'yar ƙaramar bas ce mai ido ɗaya. Lazarus, mijin Rosaline, shi ya cire mata kujerun baya, ya yanka taga a gefenta, ya kafa murhun gawayi biyu. Shi ke tuƙi, matarsa na zuba abinci. Shekara bakwai ta ciyar da masu jiran rakiyar sojoji zuwa Kaduna: doya da ƙwai, dafa-duka, awara mai yaji har hawaye. Ba ta taɓa tambayar baki addininsa ba. Ranar kasuwa takan leƙa Tabanni, kuma a can ba a kashe ta, hancinta na kallon gari, don mai abinci a wannan hanya dole ya iya gudu da miya a kan wuta in 'yan bindiga suka ɓullo. Sau biyu ta gudu da su, ko cokali bai faɗi ba.

Za a daɗe ana tuna muryarta. Da safe sai ta ce "kirrr, kirrr, tuf," ta yi shiru kamar ta yi fushi, sannan ta kama. Hon ɗinta kuwa, kai jama'a, akuya mai mura ta fi shi daɗin ji.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan da Lazarus ya hau babur zuwa Gwaska sayen wake. Da zai fita ya ce wa matarsa ta riƙa tayar da motar kowace safiya, kada ta yi sanyi kafin ya dawo. Ba a ga babur ba, ba a ga mai shi ba, ko wayar neman kuɗin fansa ba a bugo daga daji ba. Rosaline ba ta iya tuƙi ba, amma ta iya murɗa makulli. Kullum sai ta tayar da ita, ta bar ta tana kaɗawa har ruwan shinkafa ya tafasa. Sau uku Fasto Nathaniel da zumuntar mata suka zo kan maganar a yi wa Lazarus sujadar bankwana. Sau uku ta ce musu motarsa ma na da rai, su sha kunu su tafi.

Ciwon ajali ya fara da wata jar fitila a gaban sitiyari. Wani direba, Mainasara, ya leƙa ya ce mai ne ya ƙare a inji. To, Rosaline ba ta san wani mai da ya fi nata kyau ba. Ta ɗauko man gyaɗa sabo fil, wanda ko ƙosai bai taɓa gani ba, ta ɗura mata galan guda. Sati uku marigayiyar tana hayaƙi mai ƙamshin ƙuli-ƙuli, mutane na dariya. Ran Talata ta ce "ƙwas," sau ɗaya tak. Bakoji makanike ya buɗe ta, ya sunsuna, ya cire hularsa. Rosaline ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa sallamar masu jiran abinci, ta wanke kwanuka.

Marigayiyar ta bar tukwane uku, kula biyu, ludayi mai karyayyen hannu, benci, da tayar safaya wadda ita ma ba ta da lafiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a nan gindin mangwaro, kafin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su iso da guduma. Ana roƙon masu zuwa su sa baƙaƙen kaya, su zo da littafin waƙoƙi. Za a raba shinkafa da wake, kowa ya zo da kwanonsa. Fasto Nathaniel ya yarda zai yi addu'a, sai dai ya tambaya, a hankali, sunan wa zai kira. Rosaline ta ce ya fara da na Tantabara. In ya gama ya ga ita Rosaline tana nan tsaye da ƙafafunta, ya kira ɗayan, na mijinta.