Ledar da Na Dawo da Ita Gida a Aljihu

Yau dai na dawo gida da ɓawon ayaba da ledar ruwa a aljihun rigata, ni da furfurata. Uwargida ta tambaye ni ko tsintar bola na koma. Ban ba ta amsa ba, ku zan ba.

Akwai wani dutse can bayan Miri da mutanen gari ke zuwa shan iska ran Asabar. Ba kwandon shara a wurin, kuma ba shara. Sirrin wata dattijuwa ce, Mama Liatu, da ke zama a bakin hanya da randarta da moɗa. Ba ta faɗa, ba ta wa'azi. Kana isowa za ta ba ka ruwa, ta tambaye ka unguwarku da sunan mahaifiyarka. In ka yar da leda, sai ta taso a hankali, ta duƙa a gabanka ta ɗauka, ta miƙo maka da hannu biyu ta ce, "Ɗana, kayanka ya faɗi." Haka ta yi mini a gaban surukina da ya zo daga Kano. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na ba maƙwabcina Ɗanlarai labari, shi da ke kai mutane can a kekensa, sai ya ce ai bara har korar matar aka yi. Wai manya ne suka ji labarin tsaftar wurin, suka kafa kwamiti ya gano dalili. Allah ya ja zamanin Yallaɓai Shugaban Kwamiti, mutum mai himma! Sai da ya kai mambobinsa ƙasashe biyu neman amsa, dutsen da ke nan kusa da ofishinsa kuwa bai samu sukunin zuwa ba. Ya dawo ya ce abin da ke sa baƙi kiyaye muhalli shi ne allo. Babban allo, da Turanci, da hotonsa. Tsohuwa kuwa ba ta cikin takarda, sai ta tattara randarta. Ɗanlarai ya ce har hawaye ta yi, don shekararta goma sha ɗaya a wurin.

Ranar ƙaddamar da allo aka zo da motoci goma sha huɗu, da shinkafa a robobi, aka yi jawabi uku kan illar leda. Yallaɓai ya jiƙa maƙoshi, ya yar da ledar ruwansa a ƙasa. Mama Liatu, da ta dawo kallon taron, ta duƙa ta miƙa masa yadda ta saba. Ya karɓa da murmushi ya miƙa wa na bayansa, na bayansa ya miƙa wa direba, direba ya yar. Kwana uku ta yi tana kwashe abin da masu wayar da kai suka bari, ba wanda ya sa ta.

Ba a yi sati ba 'yan gwangwan masu tsintar ƙarfe suka kwance ƙafar allon guda. Kwamiti ya yi zaman gaggawa, ya ce dole a samo mai gadi. Aka rasa mai yarda ya wuni cikin rana sai wadda aka kora. Yanzu sunan aikinta mai gadin allo, ta kuma mayar da randarta inda take.

Na ji an ce rahoto ya yaba wa allon nan ƙwarai, har ana shirin kafa irinsa a wurare ashirin. Madalla da hangen nesan Yallaɓai. Ban dai ji inda za a samo Liatu ashirin ba.