Yadda Na Zaɓo wa Surukina Zobban Sandar Fatsa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Asabar a bakin dam ɗin garinmu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa akwai masu tuna mini kyauta, ba sa gajiya. Har yau idan abin ya faɗo mini ina kan keken ɗinki, sai in ji ƙafata ta tsaya da kanta. Akwai kunya a ciki, ban musa ba, amma haushi ya fi yawa, domin an taru an ɗora mini laifin duka alhali mu da yawa muka yi aikin.

Ni tela ne a nan Birnin Gwari. Ba yabon kai ba, idan ka ga kaftani ranar Juma'a wanda aikin wuyansa ya zauna daram, maɓallansa a jere kai ɗaya, ka tambaya, da wuya ba daga shagona ya fito ba. (Akwai wani a bakin tasha da ke cewa shi ma ya iya. Allah ya ba shi lafiya.) Sai dai duk wannan ba ya cin kasuwa a gidan surukaina. A can ni mijin Rakiya ne kawai, mai kawo ɗinkin sallah. Mutumin gidan shi ne Alhaji Bala, mijin yayarta, mai sayen masara yana lodawa Kaduna. Idan ya zo gaisuwa har kaza ake kamawa, ni kuwa idan na samu kunu da sauran ɗuminsa to ranar na taki sa'a.

Surukina, Baba, mutumin wani ƙauye ne ta wajen Kuyello. Da zaman can ya gagara saboda mutanen daji, 'ya'yansa suka matsa masa ya dawo cikin gari. Ya bar gonarsa, ya bar rafin da tun yana saurayi yake jefa fatsa a cikinsa da yamma. A gari ba shi da abin yi sai zama a tabarma a ƙofar gida da rediyo, yana ta ramewa a kan idonmu. Rakiya ta sha yin kuka a kan haka. Sai wata rana Alhaji Bala ya dawo daga Kaduna da injin naɗe zaren fatsa, irin mai hannun nan da ake juyawa, sabo fil a kwalinsa. Aka yi ta sa albarka. Sai da albarkar ta lafa aka lura babu sandar da za a ɗaura shi a kai. (Wane irin mutum ne zai sayo inji babu sanda? Amma ba wanda ya ce uffan, saboda Alhaji ne.)

Ina durƙushe a gefe, kaina a ƙasa kamar yadda ya kamaci suruki, sai kawai na ji bakina ya ce, "Sandar a bar mini. Ni zan haɗa ta da hannuna."

Nura, ƙanin Rakiya, wanda wasan da ke tsakaninmu ya ba shi lasisin raina ni, ya ce, "Mijin Yaya, sandar fatsa fa aka ce, ba mazagin wando ba."

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Ɗagowa ya yi ya dube ni da wani irin sa rai da na daɗe ban gani a fuskarsa ba, kuma wannan kallon ne ya kai ni ya baro. Na ƙudurta sai na yi wa tsohon nan sandar da za ta mayar da shi bakin ruwa, sandar da za a riƙa cewa mijin Rakiya ne ya yi.

Da na shiga Kaduna sarin yadi (kowa ya san hanyar nan, addu'a kake daga fita har isa), na nemi shagon masu kayan kamun kifi. Na zaɓi sanda tsirara, baƙa, mai lanƙwasa, da mariƙi da wurin zaman inji. Saura zobba, wato ƙananan ƙawanyoyin ƙarfen nan masu ƙafa da ake ɗaurawa a jikin sanda, zare ya bi ta cikinsu daga inji har ya fita ta baki. Mai shagon ya zazzage mini wata leda a kan teburi. Na farko ya kai faɗin awarwaron jariri, ga doguwar ƙafa. Na biyu bai kai shi ba, na uku ya ƙara raguwa, haka dai har zuwa wani ɗan mitsitsi da tsinken ashana ma sai da dabara zai shiga. Babu guda biyu da suka yi kai ɗaya.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Saiti ke nan. Haka suke zuwa."

"Wato ka ga mutumin Birnin Gwari, ka ce bari ka tattara masa ragowar kwali ko?"

"A'a maigida. Zaren yana fita daga inji ne yana murɗawa da faɗi. Babban shi ke tarbarsa, sauran su riƙa matse shi a hankali har ya miƙe."

Ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ta yaya ya faɗa? A sanyaye, idonsa a kan waya, kamar mai ba da labarin farashin albasa. Mutumin da ya san abin da zai biyo baya ai tashi yake tsaye, ya riƙe maka hannu, ya haɗa ka da Allah. Ni kuwa na ce masa tun da nake ɗinki ban taɓa jera wa mutum babban maɓalli da ƙarami a riga ɗaya ba, kuma ba zan fara a kan surukina ba. Masu kai ɗaya nake so, ƙanana, masu ruwan gwal. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya janyo wani gwangwani cike da ƙananan da suka daɗe ba su samu mai saye ba. "Yadda ka ce, maigida," in ji shi, har da murmushi. Ban yafe masa wannan murmushin ba.

Aikin kuwa na yi shi, kowa ya shaida. Na shimfiɗa sandar a teburin yanka, na ɗauko tef da alli na raba tsawonta daidai wa daida, tazarar kowane zobe da na gabansa ba ta fi ta ɗan'uwansa da ko gashi ɗaya ba. Na naɗe ƙafafunsu da zaren siliki kore da ruwan gwal, irin wanda nake aikin wuyan manyan mutane da shi, na bi da gam mai sheƙi. Masu zuwa karɓar ɗinki suka riƙa tsayawa kallo. Wani ma cewa ya yi wannan ai ta ratayewa ce a falo, na ɗauka yabo ne.

Rakiya ce kaɗai ta ce, "Ba za ka aika a karɓo injin ka gwada ba?" Na ce in aika gidan surukai aron kyautar Alhaji Bala? Allah ya sawwaƙe. Kuma ni ban saba sa rigar mutum in zaga gari da ita kafin in ba shi ba, sabuwa ake miƙa wa mai abu abinsa. Ta ce, "To." To kawai! Matar da a kan gishirin miya sai ta wuni tana musu da ni, ranar da musun zai yi amfani sai ta zama mai biyayya.

Ranar Asabar bayan la'asar muka ɗunguma bakin dam, ni da Baba da Nura, da Alhaji Bala wanda ba wanda ya gayyata amma ya ce motarsa ta fi sauƙi ga tsoho. Na sa farar shaddata, domin na san ranar tawa ce. Baba ma ya fito fes da hularsa ta zuwa Juma'a. Wurin cike yake, ga samari masu wankin babur, ga masunta suna gyaran raga a inuwa. Da na warware sandar daga ƙyallen da na naɗe ta, rana ta doki silikin nan, sai da wani ya yi salati. Baba ya karɓa yana juya ta a hannu, na ga ya tsaya a kan zoben farko ya ɗan jima, amma bai ce komai ba. (Ka ga shi ma. Da ya yi magana a lokacin, da an rabu lafiya.)

Nura ya ɗaura inji ya zura zare, ya sa ƙugiya da 'yar dalmar da ke ba jifa nauyi. Baba ya soka tana a ƙugiya, ya yi bisimilla, ya wurga. Zaren ya riƙa dukan ɗan zoben nan yana far-far, dalmar ta faɗo cikin ruwan da bai kai idon sawu ba. Ya naɗe ya sake. Wannan karon ma kusan a kan yatsun ƙafarsa ta sauka. Na ji masu wankin babur sun rage surutu.

Alhaji Bala ya gyara tsayuwa ya ce, "Ikon Allah. Injin dai sabo ne, a kwalinsa na kawo."

Wallahi wannan maganar ce ta kwance mini kai. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ƙiƙam a gaban surukina ba, na ce da ƙarfi, "Baba, ba haka ake yi ba. Kawo ka gani."

Kowa ya juyo yana kallona. Ni da ko sunansa ba na iya faɗa, ni da ba na cin abinci a gabansa, ni ne nake gyara wa Baba jifa a bainar jama'a. Mutumin da yake kama tarwaɗa tun ba a haife ni ba, ni kuwa ko karfasa ban taɓa kamawa ba sai a faranti. Ya miƙo mini sandar a hankali ya ja gefe kaɗan.

Na ja baya, na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni da duk haushin Alhaji Bala, na maka. Zaren ya taho da gudu ya cunkushe a bakin zoben farko kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Dalmar ta yi gaba kaɗan, zaren ya tsaya cak, ta yi juyi ta dawo ta gefena. Sai na ji Nura ya ce, "Innalillahi!" Na waiga, ga ƙugiya maƙale a hular Baba. Da mai hankali ne sai ya tsaya. Ni fizgewa na yi. Hular ta tashi sama, ta saɓule daga ƙugiyar, ta yi ta juyawa a iska har ta sauka can a kan ruwa. Abin takaici, ta yi nisan da ƙugiyar ba ta yi ba duk yammacin.

Tun da na auri Rakiya ban taɓa ganin kan Baba a buɗe ba, kuma ina jin Alhaji Bala ma haka. Ga shi a tsaye, furfura fari fat, ɓarin goron da yake ajiyewa a cikin hular ya gangaro ya faɗi a gabansa. Masuntan suka sunkuyar da kai. Masu wankin babur suka juya mana baya don ladabi, amma kafaɗunsu rawa suke. Nura kuwa, mara kunya, zama ya yi a ƙasa yana riƙe ciki yana cewa, "Ya kama! Wallahi Mijin Yaya ya kama!"

Na faɗa ruwa da shaddata. Taɓo ya riƙe takalmina ɗaya, na bar masa. Sai da ruwa ya kawo mini ƙirji na cafko hular, na fito ina ɗiga, farar shadda ta koma kalar kunun kanwa. Na durƙusa na miƙa da hannu biyu, na ce, "Baba, a gafarce ni." Ya karɓa ya matse ta. Sannan ya ɗauki sandar daga ƙasa, ya bi zobban nan ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, ya juya wajen Nura, ba wajena ba, ya ce, "Ka gaya wa mijin yayarka ɗinkin ya yi kyau."

Daga nan ya nufi mota da jiƙaƙƙiyar hula a hannu, bai sake kallon ruwan ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, fiye da dariyar Nura. Tsohon ya fito da murna zai koma sana'ar ƙuruciyarsa, na mayar da shi gida kai ba hula.

Kada ka ɗauka an ƙyale ni haka. Satin da ya biyo baya Alhaji Bala ya aiko mini da leda har shago, ga saitin nan dai na babba da ƙarami, tare da saƙon wai mai shagon Kaduna yana gaishe ni. Nura ya dawo mini da sandar, da hannuna na sa reza na yanke silikin nan duka. Baba ya riga ya yi mata alamar wurin kowane zobe da farin alli, tazarar tana da faɗi ta wajen inji, tana matsewa ta wajen baki, babu ruwanta da tef. Na ɗaura babban zoben a gindi ina kawar da kai, domin har ga Allah muni yake yi mini.

Yanzu sandar tana jifa har tsakiyar ruwa. Baba ya murmure, kusan kullum yana dam, tarwaɗa har gidana ake aikowa. Kuma ka san abin da ake kiranta a gari? Sandar Alhaji Bala! Ni na zaɓo sandar, ni na naɗe ta sau biyu har bayana ya ƙage, ni na yi asarar takalmi, amma sandar Alhaji Bala. Idan an ambace ni kuwa, to labarin hula ake yi.

Na koyi cewa idan abin bai shafi yadi ba, in riƙa barin idona na tela a shago. Baba dai ya yafe, yana amsa gaisuwata da sakin fuska, har ya tambayi aiki da yara. Sai dai da zarar ya ji sallamata, hannunsa na dama yakan tashi a hankali ya dafe hula, kuma ba ya saukewa sai na yi sallamar tafiya. Ban san ko ya san yana yi ba. Saboda haka yanzu daga nesa nake durƙusawa, hannuwana biyu a fili inda zai gan su.