Buhu Ɗaya Ya Koma Aya

Jama'a, jiya da hantsi aka mai da maƙwabcina Cindo manomin aya, kuma da hannuna aka yi. Mutumin da tun da na san shi a Samaru masara yake nomawa, aya ko a baki ba ya sa ta saboda haƙoransa.

Ga yadda abin ya faru. Masarar Cindo ta kai gwiwa, ganye ya fara yin rawaya, in ba ta samu taki a makon nan ba to bana sai haƙuri. Ana haka Mai Girma Uban Manoma, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya ce an daina bin layi, mai son takin tallafi ya cike takarda ta waya. Cindo bai yi boko ba, sai ya zo wurina. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Hausa, kunnen yara da yawa ya sha ja a kan ƙugiyar baƙaƙe. Da muka zo inda ake tambayar adadi, na gyara tabarau na rubuta "buhu ɗaya", ƙugiyar ɗ ta fito ɓaro-ɓaro har na ji daɗin kaina.

Muka je ofishin rabo. Magatakardan yana riƙe da wata waya mai sheƙi, ba irin tawa ba.

"Kai ne Cindo? Aya ba ta cikin shirin bana."

"Wace aya kuma, ranka ya daɗe?" in ji Cindo.

Ya juyo mana da wayar. Ga "buhu", ga wani ɗan akwati babu kowa a ciki, ga "aya". Na ce, "Yallaɓai, ɗaya ne, harafin ne ya faɗi a hanya." Ya ce shi bai san wannan ba, abin da na'ura ta nuna shi ne gaskiya.

Raina a ɓace muka hau keke sai Sabon Gari, wurin Kingsley mai gyaran waya. Ya duba, ya kece da dariya.

"Malam, wayarka lafiya lau take. Na two oga dey fight."

Wato manya biyu ne ke faɗa. Ya ce kowace waya tana da babbar manhajar da ke juya ta, kuma wasu kamfanoni biyu na ƙetare ne ke da su. Ko gaisuwa ba sa yi. Duk sabuntawar da ɗaya ya yi sai ya ƙara wa katangarsa tsawo, don kada ka tattara ka koma gidan ɗayan. Tawa ta wannan gida ce, ta magatakarda ta wancan, shi kuma ɗan kwangilar da ya haɗa takardar bai tsaya ya gwada ko saƙo na tsallake katangar da ƙafafunsa ba.

To madalla da ilimi! Wayar nan ta san fuskata, tana ƙirga takuna daga gida zuwa coci, in na yi zancen takalmi da matata Rhoda kafin azahar ta kawo mini hoton takalmi. Amma ɗ ya gagari masu ƙera ta. Ga ɗalibanmu a Samaru kullum suna musu kamar na ƙwallo, wannan ya ce nasa kamfanin ya fi aji, wancan ya ce nasa ya fi 'yanci, har da jijiyar wuya. Masu kamfanonin kuwa ko a taswira ba su san inda Samaru take ba.

Kingsley ya ce a sake cikewa ba ƙugiya. Ni, da wannan hannun, na rubuta "daya". Wallahi na ji kunya, sai da na waiwaya ko wani tsohon ɗalibina na gani.

Muka koma da la'asar. Magatakarda ya ce yanzu kam saƙo ya iso daidai, sai dai taki ya ƙare. Cindo ya cire hula ya riƙe. Masarar nan ita ce tuwon gidansa har wata damina, kuma ni na yi masa gwaninta.

Daga bayan ofis kuwa ana ta loda wa wata tirela buhuna. Na ce, "Yallaɓai, wancan fa?" Ya ce na wani babban manomi ne, shi ma ta waya ya cike. Na tambaye shi ko ta babban manomin ba ta cin harafi.

"Haba Malam," in ji shi, "shi ai dubu ya rubuta."

Na tsaya na rubuta ta a tafin hannuna da yatsa, harafi bayan harafi. Gaskiyarsa fa. Dubu ba ta da ƙugiyar da za ta maƙale a ko'ina.